Inji Ba Rariya Ba Ne: Yadda Ya Kamata a Raba Gardamar Kayan Mota na Hannu

Rigimar takan taso ne kwana biyu ko uku bayan ciniki ya faɗa. Wani ya yi hatsari da Corolla, jikinta ya lotse ba ta gyaruwa, sai ya shiga sayar da ita gunduwa-gunduwa. Wani kuma injinsa ya buga, kuɗin Beljiyam a shago ya fi ƙarfinsa, ya ga hoto a WhatsApp ko a Facebook, suka yi magana, aka sallama. Aka ɗauko inji a akori-kura, bakanike ya kwana biyu yana ɗaurawa, aka zuba baƙin mai, aka tayar, sai ga shuɗin hayaƙi yana tuɗaɗowa ta salansa. Mai saye ya ce an ha'ince shi. Mai sayarwa ya ce lafiya lau ya ba da kayansa, bakanike ne ya ɓata. Daga nan sai zage-zage a waya, sai a toshe lamba, sai a ji ana zancen ofishin 'yan sanda.

Idan aka zauna sulhu, ba a rasa mai jawo karin maganar nan cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni ban yarda ta dace da wannan wuri ba. Hujin rariya a fili yake, saboda shi ma aka saye ta. Abin da ke cikin inji ko giya a rufe yake, kuma mutumin da ya shekara biyar yana tuƙa motar ya san ko tana shan mai, ya san ko tana zafi a cunkoso, ya san ko giya tana jinkirin shiga da safe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai sayar da kayan hannu ba a binsa bashin sabon kaya, amma ana binsa bashin faɗar abin da ya sani. Mai saye kuma ba shi da hurumin ɗora wa wani asarar da garejinsa ya jawo. Duk gardamar a kan tambaya guda take: aibin nan yana nan kafin a miƙa kayan, ko bayan an miƙa ya samu? Wannan tambaya ƙarfen ne yake amsa ta, in an duba shi da wuri kuma wanda ya duba ba shi da rabo a cinikin.

Cinikin mutum da mutum ya sha bamban da sayayya a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas. A can akwai shago da ba ya gudu, akwai rasit, akwai shugabannin kasuwa da za a kai wa ƙara, kuma ɗan kasuwa yakan ba da garanti na 'yan kwanaki don yana so ka dawo gobe. Wanda yake sayar da ragowar motarsa sau ɗaya zai yi, ba ya tsoron rasa abokin ciniki. Doka ma ba ta rufe wannan giɓi ba. Dokar sayar da kaya ta Ingila ta 1893, wadda Nijeriya ta gada kuma dokokin jihohi da dama suka ɗauko tsarinta, ta ɗora sharaɗin ingancin kaya ne a kan wanda sayar da irin kayan sana'arsa ce. Dokar kare masu sayayya ta 2018, wadda ta kafa FCCPC, hukumar da ke kare haƙƙin masu sayayya, ita ma an gina ta ne a kan alaƙar ɗan kasuwa da mai saye. Abin da ya rage wa wanda ya saya daga hannun maƙwabci ko baƙo shi ne siffar da aka yi masa. In an ce masa inji samfurin 1ZZ ne da ba a taɓa buɗewa ba, sai ya tarar an taɓa sauke kansa an shafe da gam, to ba a ba shi abin da aka siffanta ba, kuma wannan hujja ce ko a wace kotu. Shi ya sa kalmomin da aka yi ciniki da su suke da nauyi fiye da yadda mutane suke ɗauka. "Yana aiki" magana ce, "ba ya shan mai" wata magana ce daban, kuma mai saye ya kamata ya sa a faɗi ta biyun a rubuce ko a saƙon murya.

Inji yana ba da labarin kansa ga wanda ya iya karantawa. Zoben fiston ba ya cinyewa a kwana uku. In aka kwance fulogi aka ga baƙin mai ya daskare a kansu ya yi ɓawo, aka buɗe murfin sama aka ga mai ya zama kamar kwalta, wannan aikin watanni ne, a hannun mai sayarwa ya faru. In aka auna matsin kowace silinda da ma'auni aka ga ɗaya ta gaza sauran da abin da ya haura kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, sai a ɗiga mata mai kaɗan ta ramin fulogi a sake aunawa: in matsin ya tashi, zobe ne ya gaji, in bai motsa ba, a nemi matsalar a bawul ko gasket. Tsagewar da ta daɗe bakinta baƙi ne, mai da ƙura sun shige ta, sabuwa kuwa fara ce tana ƙyalli. A ɗaya gefen, injin da ya tashi lafiya ya yi tafiyar kilomita ɗari sannan ya ƙone gasket, a fara duba abin da ya kashe tsohon injin da aka cire. Sau da yawa lagireto ne ya toshe, ko fanka ba ta juyawa, ko famfon ruwa ya mutu, aka sauya inji aka bar musabbabin yana nan. Haka kuma bakaniken da ya cika gam a kaskon mai har ya tsinke ya toshe matatar da ke zuƙo mai, ya kashe inji da hannunsa, kuma guntayen gam ɗin za a gan su a matatar in an buɗe.

Giya mai sarrafa kanta ta fi inji jawo zalunci ga mai sayarwa, domin hanyoyin kashe ta a wurin ɗaurawa suna da yawa. In ba a zaunar da kwambata, wato ƙarfen da ke haɗa inji da giya, ta shige gurbinta har ƙarshe ba aka ja kusoshi da ƙarfi, famfon mai na ciki ya fashe tun kafin mota ta motsa. In ba a wanke bututun da ke kai man giya lagireto ba, garin ƙarfen tsohuwar giyar zai dawo cikin wadda aka saka. Ga kuma zancen mai: Toyota tana da man giya samfurin T-IV tana da WS, Honda tana da nata, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Mai saye da ya zo da ƙorafi a kan giya, tambayar farko da za a yi masa ita ce wane mai aka zuba, ina galan ɗin. Tambayar da za a yi wa mai sayarwa kuma ita ce yaya man da ke ciki yake ranar da aka sauke. Mai ja ko ruwan hoda alama ce mai kyau. Baƙi mai warin ƙuna, da garin ƙarfe a jikin maganaɗisun kasko, shaida ce cewa giyar ta daɗe tana ciwo.

Kwamfuresan na'urar sanyi haka yake. Wanda ya mutu yakan watsa garin ƙarfe cikin bututu, kuma in ba a wanke layin ba, ba a sauya matatar da ke tsane danshi ba, ba a zuƙe iska na aƙalla minti 30 kafin a zuba gas ba, na biyun ma zai bi sahu cikin mako. Kayan lantarki kuwa, musamman ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, su ne mafi wuya. Wayar da ta haɗu ta ƙona ta farko za ta ƙona ta biyu cikin daƙiƙa, kuma ƙwaƙwalwa mai lafiya ma ba za ta tayar da mota ba in lambarta ba ta dace ba ko ba a haɗa ta da makulli ba. Maganin wannan shi ne a gwada ta a motar da aka ciro ta, ko a wata irinta mai lafiya, a gaban mutanen biyu, kafin ta shiga motar mai saye. Altaneta ba ta da wannan wahala, ma'auni kawai za a ɗora a kan batir mota tana aiki: tsakanin volt 13.5 da 14.5 tana caji, in lambar ta tsaya a 12 da ɗoriya ba ta yi.

Duk wannan bincike ba shi da amfani in wanda ya ɗaura kayan shi ne shaida. Bakaniken mai saye ɓangare ne a rigimar, domin in ba kayan ne da laifi ba, aikinsa ne da laifi, kuma ba a tsammanin mutum ya yanke wa kansa hukunci. Abin ya fi muni idan shi ne ya haɗa cinikin ya karɓi la'ada a ɓoye daga mai sayarwa, abin da yake faruwa fiye da yadda masu mota suka sani. A ganina hanya mafi adalci ita ce kowane ɓangare ya kawo sunayen kanikawa biyu, a zaɓi wanda duka suka aminta da shi, ko a roƙi shugaban reshen ƙungiyar kanikawa ta NATA na yankin ya ba da mutum. A raba kuɗin dubawa biyu tun farko, wanda aka samu da laifi ya mayar wa ɗayan nasa. A kwance a gaban kowa, a ɗauki bidiyo. Rabin yini ya isa, kuma kuɗinsa bai kai na zirga-zirgar mako guda a kotu ba.

Abin da yake ba ni takaici shi ne muna da tsari cikakke a kan wannan mas'ala a fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, amma sai mu bar shi a babin ciniki kamar dabbobi da tufafi kaɗai ya shafa. Hadisin da Muslim ya ruwaito na tarin abincin da aka ɓoye jiƙaƙƙensa a ƙasa, wanda ya ƙare da cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu, shi ne tushe. A kansa malamai suka shimfiɗa cewa ɓoye aibi haramun ne, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi yana da zaɓi, ko ya riƙe a yadda yake ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. In kuma wani sabon aibi mai nauyi ya samu a hannunsa, zaɓin ya sauya: ko ya riƙe a biya shi gwargwadon tsohon aibin, ko ya mayar ya biya abin da ya tauye. Sun kuma bambanta wanda ya sani ya ɓoye da wanda bai sani ba. Wanda ya ɓoye, in kayan ya halaka saboda aibin da ya ɓoye, kuɗi gaba ɗaya zai mayar, kuma ɗawainiyar komar da kayan inda aka ɗauko shi tana wuyansa. Cewa "in ka saya ba a dawowa" ba ta wanke mutum daga aibin da ya sani ya yi shiru a kai.

Lissafin gwargwadon aibi yana da ƙa'ida, ba ƙiyasin son rai ba ne. A ce an sayi giya naira dubu 450. Masana suka ce irinta mai lafiya a ranar ciniki dubu 500 ce, mai wannan aibi kuma dubu 400. Aibin ya ci kashi ɗaya cikin biyar na darajarta ke nan, sai a cire kashi ɗaya cikin biyar daga kuɗin da aka biya, wato dubu 90. Mai saye bai rasa rangwamen da ya samu ba, mai sayarwa kuma bai biya fiye da abin da ya karɓa a kai ba. Rigingimu da yawa a nan ya kamata su tsaya, domin sauke inji a mayar yana cin kuɗin aiki sau biyu, da mai, da gasket, alhali wani lokacin gyaran bai wuce sauya abu ɗaya ba.

Akwai wurin da fiƙihun bai goyi bayan mai saye ba, kuma ya kamata a faɗe shi. Malaman Malikiyya sun ce aibin da ba a iya saninsa sai an fasa abu, kamar ƙwaron cikin katako ko ɗacin kokwamba, ba a mayarwa saboda shi in ba an sharɗanta ba, tunda mai sayarwa ma bai sani ba. Wani alƙali zai iya kallon wasu cututtukan cikin inji da wannan ido. Sannan wanda ya ga aibi ya ci gaba da amfani da kaya ya nuna yarda, haƙƙinsa na mayarwa ya faɗi. Direban da ya ga hayaƙi ranar farko, ya yi lodi zuwa Zariya da dawowa har mako biyu, sannan ya zo yana neman kuɗinsa cif, ya raunana ƙararsa da kansa. In ka ga matsala, ka kashe mota, ka ɗauki bidiyo, ka sanar da mai sayarwa a ranar, kuma kada ka bari kowa ya sa sifana a jikin kayan sai yana wurin ko ya ba da izini a rubuce.

Saboda haka sharaɗi kafin biya ya fi komai. Ciniki a kan zaɓi halal ne in an yanka masa wa'adi gwargwadon abin da ake buƙata don gwada kayan. Altaneta ko abin tayar da mota kwana ɗaya ya isa. Inji da giya, a ganina, kwana bakwai daga ranar da aka tayar, tare da iyakance ranar da dole a gama ɗaurawa, don kada mai saye ya ajiye inji a ƙasa wata biyu ruwa yana dukansa. Malikiyya ba su yarda a sharɗanta biyan kuɗi a hannun mai sayarwa a cikin kwanakin zaɓi ba, kuma hikimar a bayyane take ga duk wanda ya taɓa bin kuɗin da aka riga aka kashe. Abin da ya fi shi ne a ajiye kuɗin a hannun amintacce da duka suka yarda da shi, mai unguwa ne, limami ne ko shugaban gareji, a sake su ranar da wa'adi ya cika. Mai sayarwa da ya ƙi gwaji, ya ƙi wa'adi, ya ƙi ajiya, yana so a yi cinikin biri a sama ne, kuma farashinsa ya kamata ya sauko zuwa na kasada.

Shi ma mai sayarwa yana da abin tsoro na gaske. Akwai masu sayen kaya mai lafiya su dawo da nasu mataccen su ce shi ne, akwai masu kwashe kwayil da na'urorin jikin inji su maye da nasu kafin su mayar. Kariyarsa ita ce alama. Ya ɗauki hoton lambar inji da lambar da ke jikin ƙwaƙwalwa, ya ɗiga fenti a kan kusoshin kan inji, na kasko da na murfi, yadda in an juya za a gani, ya lissafa duk abin da ke manne da injin ya tura wa mai saye kafin a ɗauka. Takarda guda ta wadatar: sunan kaya da lambarsa, motar da aka ciro shi, aibin da aka sani, kuɗi, kwanakin gwaji, wanda zai duba in an saɓa, da shaidu biyu. Lambar injin tana da wani amfanin, domin tana cikin takardun mota, kuma ita ce za ta kare mai saye in wata rana aka ce kayan na sata ne. In kuma saƙo za a yi ta tasha daga wani gari, a faɗa tun farko wa ke ɗauke da asarar hanya, don a tsarin dokar 1893 miƙa kaya ga mai ɗauka ana ɗaukarsa kamar miƙa wa mai saye ne in ba a yi wani sharaɗi ba.

Ofishin 'yan sanda ba wurin wannan magana ba ne, kuma ina ganin dole a daina kai ta can. Dokar 'yan sanda ta 2020, a sashe na 32, ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba kawai. Wanda ya karɓi kuɗi ya ɓace, ko ya aiko da abin da ya san gangar banza ce, ko ya sayar da kayan sata, wannan laifi ne, a kai shi. Amma saɓani a kan ko zobe ya gaji kafin ciniki ko bayansa, tsare mutum ba ya warware shi. Abin da yake haifarwa shi ne wanda ya fi sanin mutane ya tilasta wa ɗayan sa hannu a kan biyan da bai yarda da shi ba, kuma gaba ta ɗore tsakanin gidaje biyu.

In sulhun gareji da na unguwa sun gagara, akwai ƙofofin da aka gina don irin wannan. Kotunan shari'ar Musulunci suna sauraron ƙarar ciniki da ƙa'idar da kowa ya sani, hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa, kuma alƙali yana iya neman masana sana'a su duba. Kano tana da cibiyar sulhu a ƙarƙashin babbar kotu tun 2009. Kotunan ƙananan ƙararraki, waɗanda Legas ta fara a 2018 Kano ta biyo baya, an tsara su ne don mutum ya tsaya da kansa ba sai da lauya ba, a kan kuɗi ƙayyadadde, kuma a gama cikin kwana 60. Dokar shaida ta 2011 ta buɗe hanyar karɓar saƙonnin waya da hotuna in an cika sharuɗɗanta, don haka kada a goge hira ko shaidar tura kuɗi cikin fushi. Rahoton bakaniken da ɓangarorin biyu suka zaɓa, da sa hannunsa da kwanan wata, shi ne zai fi kowace takarda nauyi a gaban alƙali.

Saura abu ɗaya da masu sulhu suke mantawa da shi. Bayan an mayar da kuɗi an mayar da kaya, giyar nan takan koma kasuwa a mako mai zuwa da siffar da aka yi mata da farko, wani ya sake faɗawa. Ya kamata takardar sulhu ta ƙunshi abin da za a yi da kayan: in mai gyaruwa ne, a rubuta aibin da fenti a jikinsa a sayar da shi a matsayin na gyara. In kuwa abin da rai ya rataya a kansa ne, kamar famfon birki da ya tsage, ko sandar sitiyari da ta lanƙwashe a hatsari aka miƙar da ita da wuta, a sa masa guduma a gaban shaidu a kai wa 'yan gwangwan su auna a kilo.